Sabara a Gonakin Maraɗi: Nazarin Yadda Itacen da Ake Sassabewa Ya Farfaɗo da Ƙasa

A ƙasar Maraɗi, har zuwa farkon shekarun 1980, ana gane manomin kirki ne da tsabtar gonarsa, wato gonar da mutum zai tsaya a wannan iyaka ya hango waccan ba tare da wani abu ya tare masa ido ba, in ban da gawo ko aduwa jefi-jefi. Da zarar bazara ta kama, magidanci da 'ya'yansa za su shiga gona da gatari da adda su sassabe duk wani toho da ya fito a kan kututture, su tara shi tsibi-tsibi tare da ragowar karan bara, su bar shi ya sha rana, sannan su cinna masa wuta. Mafi yawan abin da ake sarewa sabara ce, sai kalgo da taramniya, kuma wanda ya bar su tsaye a gonarsa sunansa malalaci. Wannan nazari ya bi diddigin yadda ra'ayin ya juya cikin kimanin shekara 20, da abin da sabara ta yi wa ƙasar da aka bar ta a kai, da iyakar abin da za ta iya yi, da kuma dalilin da ya sa nake ganin ya kamata masu renon dashe da masu lambunan gidaje da makarantu su fara ɗaukar ta da muhimmanci.

Sabara ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya tashi a karkara. Ƙaramin itace ce mai rassa da yawa tun daga gindi, tsawonta bai cika wuce mita 3 ba, ko da yake idan aka ƙyale ta takan kai mita 5. Masana tsirrai suna kiranta Guiera senegalensis, dangi ɗaya take da geza da taramniya da marke da baushe, kuma tana fitowa tun daga Senegal da Muritaniya har Sudan, musamman a jigawa inda ruwan shekara yake tsakanin milimita 400 zuwa 800. Ganyenta ƙanana ne masu launin toka-toka, idan kuma aka juya bayan ganyen za a ga ƙananan ɗigo baƙaƙe birjik. Furenta a dunƙule yake fitowa kamar tuntun hula, ruwan ɗorawa mai ratsin kore, kuma idan ya kaɗe sai 'ya'ya siraran gaske su biyo baya, kowanne lulluɓe da gashi mai sheƙi ruwan azurfa. Tana riƙe ganyenta har cikin rani, lokacin da ciyawa ta ƙone, yawancin itatuwa sun zubar da nasu. Masu maganin gargajiya da iyayenmu mata sun san ta tun kaka da kakanni, suna dafa ganyenta saboda tari da gudawa, makiyaya kuma suna turara shi a garke don korar ƙudaje daga jikin shanu.

Yadda ƙasar ta tsiraita

Dalilai da dama ne suka haɗu suka tsiraita gonakin Maraɗi. Tun zamanin mulkin Faransa aka matsa wa talakawa su noma gyaɗa domin biyan haraji, aka faɗaɗa gonaki, jama'a kuma suka yi ta ƙaruwa har saura ta gajarta, daga bisani a wurare da yawa ta ɓace gaba ɗaya. A da, idan gona ta gaji sai a bar ta saura na wasu shekaru, sabara da kalgo su rufe ta su maido mata da ƙarfi, to amma wanda ba shi da wata gonar da zai koma ba zai iya barin tasa ta huta ba. Malaman gona na wancan lokaci su ma sun koyar da cewa a tumɓuke kututture domin garmar shanu ta samu hanya.

Sai kuma doka, wadda a ganina ita ce ta fi yin ɓarna. Dokar gandun daji da Faransa ta kafa a 1935 ta mayar da itatuwa mallakar hukuma, dokar Nijar ta 1974 kuma ta ci gaba a kan wannan turba, inda ta jera itatuwan da ba a taɓawa sai da izini. Manomi zai iya shan tara saboda ya sare reshe a cikin gonar da ya gada daga ubansa. Mutumin da ya san itacen da ya rena zai zame masa abin tsoro, wani kuma zai iya zuwa da dare ya sare shi ba tare da ya samu inda zai kai ƙara ba, ba shi da dalilin renonsa, gara ma ya kawar da shi tun yana toho. Da farin 1973 zuwa 1974 ya zo, sannan na 1984 ya biyo baya, sai ya tarar da ƙasa a buɗe. Iskar da ke zuwa gabanin ruwan farko tana kwasar yashi ta yanke ƙaramin gero ko ta binne shi, manomi ya maimaita shuka sau biyu, sau uku, wani lokaci har sau huɗu, iri ya ƙare, damina kuma ta yi nisa. Mata suka koma girki da kara da kashin shanu, abubuwan da ya kamata su koma gona su zama taki.

Maganin da hukuma da ƙungiyoyin agaji suka kawo shi ne dashe. An mayar da ranar 3 ga Agusta, ranar samun 'yancin kai, ranar dashen itatuwa, kuma a watan Mayu na 1984, zamanin Seyni Kountché, an yi babban taron ƙasa a Maraɗi kan yaƙi da hamada. An rena dogon yaro da turare a cikin leda, aka raba, aka dasa. Ba za a ce duk aikin ya tafi a banza ba, domin layukan dogon yaro da aka fara dasawa a kwarin Majiya da ke jihar Tawa tun 1975 sun kama, sun kuma tare iska. Amma a jigawar da babu ruwa kusa, yawancin dashen bai ga damina ta biyu ba, domin rana da gara da awaki sun gama da shi.

Daga 1983 zuwa yau

Tony Rinaudo, wani masanin aikin gona ɗan ƙasar Ostireliya da ke aiki da ƙungiyar mishan ta SIM a Maraɗi, yana cikin masu wannan dashe da ke mutuwa. A 1983 ne ya lura cewa 'yan kurmin da ke warwatse a gonaki, waɗanda kowa ke ɗauka ciyayi ne marasa amfani, toho ne na itatuwan da aka sare, kuma saiwarsu tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa, ta riga ta kai inda danshi yake. Ashe itacen da ake wahalar renowa a leda yana nan a gonar, abin da ya hana shi tashi kawai shi ne gatarin kowace bazara. Shawarar da ya kawo mai sauƙi ce. Idan an zo sassabe, maimakon a share kututture ƙaf, sai a zaɓi rassa mafi ƙarfi da miƙewa, daga ɗaya zuwa biyar, a bar su, a sare sauran, waɗanda aka bari kuma a rage musu ƙananan rassan ƙasa har zuwa rabin tsawonsu, da wuƙa ko adda mai kaifi, ana sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya yage. Wannan shi ne abin da aka sani da sassaben zamani.

Mutane ƙalilan ne suka yarda suka gwada a shekarar farko, kuma sun sha dariya, wasu ma an bi dare an sare musu abin da suka bari. Yunwar 1984 ce ta buɗe ƙofa, lokacin da aka haɗa rabon abinci da sharaɗin barin itatuwa a gona a ƙauyuka kusan 100, aka kuma kare itatuwa wajen 500,000. Da aka daina rabon abincin, kimanin kashi biyu cikin uku na itatuwan sun sha gatari. Wanda ya tsaya a nan zai ce shirin ya rushe, amma kashi ɗayan da ya rage shi ne ya yi aikin, domin masu shi sun ga geronsu bai ragu ba, sun samu itacen girki a gonarsu, kuma maƙwabtansu suna kallo. Gani ya kori ji. Daga nan abin ya riƙa yaɗuwa daga manomi zuwa manomi, akasari ba da kuɗin kowa ba.

A yankin Aguie, gabas da birnin Maraɗi, ƙauyen Ɗan Saga ya yi suna a wannan fanni, inda wani shiri da IFAD, asusun raya aikin gona na Majalisar Ɗinkin Duniya, ya tallafa ya taimaka wa mutanen garin suka kafa kwamitocin sa ido. Muhimmin abu game da kwamitocin nan shi ne sun haɗa da mata da makiyaya, suna zagaya gonaki, kuma wanda aka kama yana sare itacen wani ana kai shi gaban mai gari. Wannan ya magance matsalar da ta fi kowace kashe gwiwar manomi, wato ya rena wani ya sare. Daga baya doka ma ta sassauto: an yi dokar karkara a 1993, sabuwar dokar gandun daji a 2004, sannan a watan Yulin 2020 gwamnatin Nijar ta fitar da dokar da ta tabbatar wa manomi haƙƙin itacen da ya rena a gonarsa.

Lokacin da Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka, da Chris Reij, masani ɗan ƙasar Holan, da masanin gandun daji ɗan Nijar Mahamane Larwanou suka kwatanta tsofaffin hotunan sama da sababbi a tsakiyar shekarun 2000, sun ƙiyasta cewa gonaki kusan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar sun sake samun itatuwa, wajen miliyan 200, kuma hakan na ƙara kimanin tan 500,000 na hatsi a shekara. A 2018 aka bai wa Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood tare da Yacouba Sawadogo na Burkina Faso. Hotunan da suka fi yawo a duniya na gawo ne, musamman na Magarya da Matamaye da Mirya a jihar Damagaram, kuma gawo ya cancanci yabon. Amma a jigawar Maraɗi, itatuwan da suka fi yawa cikin waɗanda suka dawo su ne sabara da kalgo da taramniya, kuma dalilin a fili yake: su ne saiwarsu ta jure sara na shekara da shekaru ba ta mutu ba.

Abin da ke faruwa a gindinta

Duk wanda ya tsaya a gindin tsohuwar sabara a cikin gona zai ga ƙasar wurin ta ɗan yi tudu fiye da kewayenta. Idan ya sa hannu ya tona, zai tarar ta fi duhu da laushi, akwai ruɓaɓɓen ganye da gara ta lulluɓe da ƙasa, da kashin awakin da suka fake a inuwar. Tudun nan ƙura ce da yashi da iska ta kwaso daga wani wuri, rassan sabara suka tare su suka zauna, kuma ƙurar da iska ke ɗauka ita ce mafi albarka a cikin ƙasa. Binciken da Alexander Wezel da abokan aikinsa suka wallafa a 2000, wanda suka yi a kudu maso yammacin Nijar, ya tabbatar da cewa ƙasar gindin sabara ta fi ta fili sinadaran da shuka ke buƙata, geron da ke kewaye da ita kuma ya fi na nesa yi. Manoma sun riga sun san wannan da ido, domin ko a gonar da aka sassabe, inda kututturen yake nan ne gero ke fin tsawo da kauri.

Bayanin da ya fi zurfi ya fito ne daga Senegal, inda yanayi da ƙasa da amfanin gona suka yi kama da na Maraɗi. A ƙauyen Keur Matar da ke yankin Thies, inda ruwan shekara yake wajen milimita 450, ƙasar kuma kusan duk yashi ce, Richard Dick na jami'ar jihar Ohio a Amurka, da Ibrahima Diedhiou, masani ɗan Senegal, da cibiyar binciken aikin gona ta Senegal sun kafa gonar gwaji wadda aka fara nomawa a 2004, ana juya gero da gyaɗa. An raba gonar gida biyu. A ɓangare ɗaya an cire sabara baki ɗaya, a ɗayan kuma an ƙara yawanta har ta kai kimanin gindi 1,500 a hekta, alhali a gonakin manoma ba ta wuce 'yan ɗaruruwa. Kowace shekara gabanin shuka ana sare ta har ƙasa, amma maimakon a ƙone, sai a daddatsa ganyen da ƙananan rassan a mayar da su cikin ƙasar. An kuma gwada kowane ɓangare da takin zamani da babu shi. Bayan fiye da shekara 10, ɓangaren sabara ya riƙa ba da amfanin da a shekaru da yawa ya ninka na ɗayan, ko an sa taki ko ba a sa ba, ƙasarsa ta ƙara ƙarfi, amfanin kuma yana nuna da wuri da kimanin mako 2, abin da ba ƙarami ba ne a ƙasar da ruwa ke iya ɗaukewa gero yana tsakiyar ɗaukar ido.

Tambayar da kowane manomi zai yi ita ce, ta yaya itace 1,500 za su zauna a hekta ɗaya ba su shanye ruwan gero ba. Amsar tana cikin saiwa. Sabara tana da saiwar da ke nutsewa mitoci da dama zuwa inda danshi ba ya ƙarewa, tana kuma da wasu da ke shimfiɗe kusa da sama. Da rana, ruwan da ta jawo daga ƙasa yana fita ta ganye. Da dare kuwa ƙofofin ganyen suna rufewa, amma ruwan bai daina hawowa ba, don haka sai ya tsiyaye ta saiwoyin sama ya shiga busasshiyar ƙasar da ke kewaye da su, daidai inda saiwar gero take. Nathaniel Bogie da abokan aikinsa sun gwada wannan kai tsaye a binciken da suka wallafa a 2018. Sun shuka gero da ban ruwa, sannan suka yanke ruwan da gangan don su kwaikwayi fari, suka ba saiwar sabara ta can ƙasa wani ruwa mai alamar da na'ura ke iya ganewa, kuma cikin sa'o'i zuwa 'yan kwanaki aka samu wannan ruwa a jikin geron da ke kusa. Geron da ke tare da sabara ya fi wanda ba ya tare da ita nauyi fiye da sau 9. Ruwan da take bayarwa ba mai yawa ba ne, amma ya isa ya riƙe ran shuka a kwanakin da ruwan sama ya yi jinkiri, ya kuma riƙe ran ƙananan halittun cikin ƙasa da ke ruɓar da ganye har cikin rani.

A nan ya kamata a bambance hanyoyi biyu, domin sau da yawa ana cakuɗa su. Sassaben zamani na Maraɗi yana barin 'yan rassa su miƙe su zama itace, amfaninsa kuma shi ne itacen girki da na rumbu da tare iska da abin sayarwa a kasuwa idan shekara ta yi wuya, kamar yadda aka gani a ƙarancin abinci na 2005, lokacin da gidajen da ke da itatuwa suka samu abin da suka sayar suka sayi hatsi. Hanyar Keur Matar kuwa tana sare komai, tana yawaita gindi, tana ciyar da ƙasa da ganyen. A ra'ayina manomin jigawa yana buƙatar duka biyun a gona ɗaya: ya bar wasu su tashi a kan iyaka da jefi-jefi a tsakiya, sauran kuma ya sare su kowace shekara, ya ɗauki manyan rassa ya kai gida, ya bar ganye da ƙirare a gona. Abin da ba shi da hujja ko kaɗan shi ne wutar sassabe, domin tana tura mafi yawan abin da sabara ta tara cikin shekara guda sama a matsayin hayaƙi, ta bar wa manomi ɗan toka da iska za ta kwashe.

Iyakar abin da za ta iya

Ba daidai ba ne a ɗora wa sabara abin da ba za ta iya ɗauka ba. Ruwan sama ya ɗan gyaru bayan shekarun 1980, kuma wannan ma ya taimaka wajen dawowar itatuwa. Daddatsa ganye da mayar da shi cikin ƙasa aiki ne mai cin lokaci, yana kuma faɗowa daidai lokacin da matasa da yawa ba su dawo daga cin rani ba. Uwar gida tana buƙatar ƙiraren a murhu, dabbobi suna cin ganyen idan rani ya tsananta, saboda haka gona ba ita kaɗai ke neman abin da aka sare ba. Akwai kuma manoman da ke tsoron cewa kurmi maɓoyar tsuntsaye ne da macizai. Mafi muhimmanci, yawan sabara ita kaɗai alama ce ta ƙasar da ta sha wahala. Binciken Stefanie Herrmann da Gray Tappan na 2013 a tsakiyar Senegal ya nuna cewa wuri zai iya yin kore a hoton tauraron ɗan'adam alhali manyan itatuwa masu daraja sun ɓace, ƙananan kurmi sun maye gurbinsu. Sabara matakin farko ce, wadda ke tsayar da yashi ta tara danshi domin gawo da magarya da ɗanya da tsamiya su samu inda za su kama. A Senegal ma an gwada dasa mangwaro a cikin kurmin kalgo saboda wannan dalili.

Renonta da dasa ta

Duk nasarar Maraɗi ta dogara ne ga kututturen da ke da rai. Inda garmar shanu ko tarakta ta tumɓuke saiwa, ko aka bi ta da maganin kashe ciyawa, babu abin da za a rena, dole sai an dasa, kuma a nan ne giɓin yake, domin da wuya a shiga gandun renon dashe a Maraɗi ko Katsina ko Kano a tarar da sabara a leda. Hanya mafi sauƙi ta yawaita ta ita ce wadda ita kanta take bi a daji, inda reshen da ya kwanta a ƙasa yashi ya rufe shi yakan yi saiwa. Masu bincike a Burkina Faso da Nijar sun gwada wannan da hannu kuma ya yi. Da damina ta zauna, sai a zaɓi reshe mai laushi da ke kusa da ƙasa, a tona ɗan rami mai zurfin tafin hannu, a lanƙwasa reshen a ciki ba tare da an raba shi da uwar ba, a danne shi da ƙugiyar itace ko dutse, a rufe da ƙasa, a bar kansa mai ganye a waje yana kallon sama. Uwar ce ke ciyar da shi har ya yi tasa saiwar, sannan a yanke shi, ko dai a bar shi nan ko a ɗauke shi da ƙasarsa a damina mai zuwa. Wanda zai rena daga iri kuma sai ya tara 'ya'yan bayan sun bushe a jikin uwar, ya shuka da yawa domin ba duka ke tsirowa ba, ya yi amfani da leda mai tsawo, kada kuma ya bar dashen ya daɗe a ciki har saiwar ta nannaɗe, tunda ƙarfin sabara duk yana ga wannan saiwa mai nutsewa.

Wannan ya kawo mu ga lambu. Masu sayar da furanni a bakin titunan biranenmu kusan duk abin da suke da shi na waje ne, irin da ke buƙatar ban ruwa safe da yamma, a garuruwan da ake sayen ruwa a jarka. Makarantu da asibitoci da yawa suna dasa irin waɗannan a ranar biki, hutu na zuwa su bushe. Sabara tana da abin da ake nema a itacen ado: ganye mai launi na daban, fure mai jawo ƙudan zuma, 'ya'ya masu sheƙi, da juriyar aski, domin itacen da ya jure gatari shekara da shekaru almakashin mai lambu ba zai dame shi ba. Idan aka jera ta da tazarar kimanin mita 1 za ta yi shinge mai tare ƙura. Buƙatunta kaɗan ne: rana sosai, ƙasa mai yashi wadda ruwa ba ya kwanciya a kai, kariya daga awaki tana ƙarama, da ɗan ban ruwa a ranin farko kafin saiwar ta nutse. Ba ta dace da fadama ko laka mai riƙe ruwa ba. Abin da ya hana ta shiga lambu shi ne raini, don ana ganin ta kullum a bayan gari, kuma makarantar da ta dasa ta a harabarta za ta tashi yaran da ba za su ɗauke ta abin sharewa ba idan sun girma sun gaji gona.

Ta ɓangaren Nijeriya, jigawar arewacin Katsina da Jigawa da Zamfara da Sakkwato ci gaba ce ta ƙasar Maraɗi da Damagaram, mutanen ɗaya ne, sabarar ma ɗaya ce. Akwai hukumar Babbar Koriyar Ganuwa, mai aikin dashen itatuwa don tare hamada, da aka kafa da doka a 2015 don jihohi 11 na bakin hamada, akwai kuma shirin farfaɗo da ƙasar noma mai suna ACReSAL da Bankin Duniya ya amince wa dala miliyan 700 a 2021 don jihohin arewa 19 da Abuja. Irin waɗannan shirye-shirye sun saba auna nasara da yawan dashen da aka raba, ba da yawan wanda ya rayu ba. Da za a ware wani kaso na kuɗin a ƙidaya kututturen da ke da rai a gonakin kowane ƙauye kafin a kawo leda ko ɗaya, a kai manoman Jibiya da Daura da Maigatari su ga gonakin Aguie da idonsu, a sa sabara da kalgo cikin jerin abin da gandun reno na gwamnati ke fitarwa saboda wuraren da aka tumɓuke su, sannan majalisun jihohi su rubuta ƙarara cewa itacen da manomi ya rena a gonarsa nasa ne, ya sare ya sayar ba tare da neman izinin kowa ba, da sakamakon ya fara bayyana cikin damina uku zuwa huɗu, domin tohon da ke kan tsohuwar saiwa ya fi dashen leda saurin girma nesa ba kusa ba.